Muryar Mama a Kan Batirin Mota

Tun da Mama Jemima ta rasu, gidanta na unguwar Sintali ya tashi daga gida ya koma tasha. Mutane su shigo da fuskar jimami, su ce sannu da haƙuri, su nemi kujera a ƙarƙashin rumfar da aka kafa a tsakar gida, kafin ka ce kwabo fuskar ta warware an shiga hirar tsadar mai. Dokas, 'yar autar marigayiyar, tana zaune kan tabarma a falo, ta taga tana kallon yadda ake tsotse ƙashin kaza ana tofarwa a gindin furannin da uwarta ta yi shekaru tana ba ruwa. Wani ƙato ma a kwanon wanke hannu ya fyace hanci, ya miƙa wa na kusa da shi kwanon. Da idonta ta gani, har shinkafar da aka ajiye mata ta fita daga ranta.

A gidan rasuwa ba a hana baƙo komai. Ko kujerar da kake kai ya nema, sai ka tashi ka ba shi kana gode masa da ya zo. 'Ya'yan mamaci kuwa, musamman mata, aikinsu su zauna inda aka ajiye su, su sunkuyar da kai, su yi ta amsa gaisuwa har murya ta dushe. Gobe za a kai Mama ƙauye a binne ta. Dokas ta ƙudura a ranta za ta daure zuwa goben.

Abin da ya hana ta sukuni yana ɗakin marigayi babanta, Malam Elias, lulluɓe da tsohon zanin gado. Kwamfutar tebur ce irin ta dā, mai akwati daban da allo mai ƙaton ƙeya, wadda ya saya lokacin yana sakataren coci. Shekarun baya, wata rana ya aro makirufo ya sa Mama a gaba, wai sai ta rera masa waƙar nan da ta ƙirƙira da kanta da yaren Mumuye, wadda take yi in tana tankaɗe. Ta yi ta noƙewa, ta yi dariya, daga baya ta rera. Duk duniya babu inda muryar Mama ta saura sai cikin akwatin nan. Wayarta ƙarama ce mai tocila, ba ta taɓa aika wa kowa saƙon murya ba, in kuma aka ɗaga waya za a ɗauke ta sai ta rufe fuska da gefen zani ta gudu kicin. Kuma wa ke tunanin adana muryar mutumin da kullum yake tsakar gida yana ƙwala masa kira?

Dokas tana so ta kwashe waƙar a filashi, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta, a saka ta gobe a bakin kabari. In ma ba a saka ba, ita tana so ta ji. Kuma sai yau, don da an binne dangi za su raba kayan gida, ta riga ta ga wani kawu yana ɗaga zanin gadon yana leƙe. Wuta kuwa an fi mako ba a ga ƙyallinta a unguwar ba. Janaretan gidan ya daɗe da mutuwa, har kaza ta yi ƙwai a bayansa.

Ta aika aka kira mata yayanta Tobias, wanda ya zo daga Abuja da motarsa da sababbin takalma. Tobias ba mugu ba ne. Mutum ne dai mai son a gan shi yana aiki, in babu mai kallo ko tsintsiya ba zai ɗaga ba.

"Yaya, a sa kwamfutar Baba a keke mai ƙafa uku a kai shagon masu buga takardu. Suna da janareta."

"Shago? Haba Dokas! Kwamfuta ɗin Baba za a ɗauka ana yawo da shi a keke kamar buhun masara? Mota na yana nan. Ina da inbata a but ɗin mota, da shi nake cajin abubuwa na a hanya. Yanzu-yanzu za ki ga aiki."

"Zai ɗauka?"

"Ke dai kawo filashi."

Inbatan wani ƙaramin akwati ne ja mai fanka, wanda ke karɓar wutar batirin mota ya mayar da ita irin ta gida. Tobias ya sa aka buɗe ƙofar gida duka biyu, ya shigo da motar da baya har gindin mangwaro, ya ɗaga bonet. Ba don wurin ya fi dacewa ba, sai don nan ne duk wanda ke rumfa zai gani. Dokas ta saci jiki daga tabarma ta biyo shi ɗakin Baba. Da suka yaye zanin gadon suka ɗaga akwatin kwamfutar, kyankyasai suka yi ta fitowa ta ramukan baya, manya da ƙanana, ɗaya ya bi hannunta har gwiwar hannu. Ta yarfe shi, amma ba ta saki akwatin ba. Wayar lasifika kuwa ɓeraye sun cinye ta, saura guntu. Wato ko kwamfutar ta tashi ba za a ji komai a nan ba, sai an kwashe.

Suka jera kayan kan teburin cin abinci da aka fitar. Tobias ya naɗe hannun riga, ya maƙala jan kan waya a kan batir mai alamar tarawa, baƙin a ɗayan, ya shiga ya tayar da mota ya bar ta tana diri don kada batir ya sauka. Inbata ya yi ƙara siririya, koren idonsa ya kama. Ya jona akwati, ya jona allo, ya kalli rumfa ya tabbatar ana kallonsa, sannan ya danna.

Kwamfutar ta yi tari, fankarta ta feso ƙura da fikafikan kyankyasai, ta yi shiru kamar ta fasa, sai allo ya yi haske. Dokas ta dafe ƙirji. Hoton da ya fito na Baba ne da Mama ranar bikin godiyar girbi, Mama ta kawar da kai gefe kamar kullum. Hawaye suka zubo mata, na farko tun safe da ba don masu gaisuwa ta yi ba.

"Ga shi can, Yaya. Wanda aka rubuta Waƙar Mama. Shi kaɗai za ka kwashe."

"Shi kaɗai? Duk wahalar nan a kan abu ɗaya? Komai na Baba za mu kwashe, gaba ɗaya."

"Ka fara da shi tukuna."

"Yana ciki ai. Duk za su shiga."

Ya haɗa takardun coci na shekaru, da hotuna, da waƙar, ya tura su filashi a dunƙule. Wani koren layi ya bayyana a allo ya fara rarrafe. Tsohuwar kwamfuta ce, komai a hankali take yi. Dokas ta so ta ƙwace ta soke ta sake, amma ba a yi wa yaya haka a gaban jama'a.

A lokacin ne wani dattijo ya taso daga rumfa yana jan ƙafa, da waya a hannu.

"Tobias, wuta ne wannan?"

"Wuta ne, Kawu."

"To waya na ya mutu tun jiya."

Da Tobias ya ce a yi haƙuri, da shi ke nan. Amma ina! Dattijo ya ce masa injiniya, kansa ya kumbura. Ya shiga ɗaki ya fito da doguwar wayar jona mai baki da yawa, ya soka ta a inbata. Rumfa ta watse. Mutanen da suka zo kuka suka yi ca a kan teburin, kowa da cajarsa, ana ture juna da gwiwar hannu. Wata ta cire ta wani ta sa tata, aka fara cacar baki a kan wa ya riga wa. Wani ya kawo tocila, wani rediyo, wani ya aika gida a ɗauko masa wayar matarsa. Da bakunan suka cika, aka kawo wata wayar jona aka soka a ta farko, aka ja ta har baranda. Wani mai maiƙon nama a hannu ya dafa allon kwamfutar don ya miƙa, ya bar shatin yatsunsa a kan fuskar Mama.

"Yaya, ka hana su mana!" Dokas ta faɗa ƙasa-ƙasa, tana goge allon da gefen zaninta.

"Waya ba ya cin wuta, Dokas. Kuma baƙi ne. Kina so a ce 'ya'yan Jemima sun hana mutane caji a makokin uwarsu?"

Gaskiyarsa, waya ba ta cin wuta. Koren layin ya ci gaba da tafiya. Dokas ta tsaya a kansa ta yi gadi, rana na dukan ƙeyarta, hayaƙin mota na shiga mata hanci, har sai da aka ji waƙa daga bakin titi. Matan zumunta ne suka iso, ƙungiyar matan cocin da Mama ta yi rabin rayuwarta a ciki, sanye da zaninsu iri ɗaya, Fasto na biye. A gabansu uwar zumunta ce, Maman Rejoice, mace mai jiki da murya, wadda ba a taɓa jin ta nemi izinin kowa ba.

"Ina Dokas? Me ɗiyar mamaci ke yi a bakin mota kamar bakanike? Zo ki zauna, ɗiya na. Mama ya tafi ya huta, ke kuma ki zauna a gaishe ki."

Dokas ta kama hannun yayanta. "Kada ka matsa daga nan. Don Allah."

"Ina zan je?"

Ba ta gama zama kan tabarma ba ta hango shi ta taga ya nufi ƙofa da hannu biyu a buɗe. Abokan aikinsa ne suka iso a doguwar mota, kuma dole a ɗauki hoto.

Al'adar zumunta ce, in mace ta rasu ana gobe binnewa sai a fito da zanin ƙungiyarta da farar rigarta da ɗankwali, uwar zumunta ta goge su da hannunta, a kai mutuware, ɗakin ajiye gawa, a sa mata. Ba a ba wa yara, ba a kai wa mai wanki. Da su za ta shiga akwati. Dokas da kanta ta buɗe adakar Mama ta fito da kayan, ƙamshin sabulunta na nan a jiki, ta miƙa da hannu biyu.

"Ina ayan?" in ji Maman Rejoice.

"Dutsen guga na gawayi yana kicin, Mama."

"Na gawayi? A kan farin riga? Toka ya faɗi a kai fa?" Ta yi tsaki, ta rungumi kayan ta fita, wai keke na jira kada a rufe mutuware.

Fasto ya ce a yi addu'a. Falo ya cika maƙil, matan suka durƙusa, aka sa Dokas a tsakiya. Fasto ya ɗora tafin hannunsa a kanta, hannu mai nauyi da gumi, ya fara. Mutum ne da in ya fara addu'a sai ya bi ta kan kowa, daga marigayiya zuwa 'ya'yanta, zuwa jikokin da ba a haifa ba, zuwa hanyar da za a bi gobe da tayoyin motar da za ta ɗauki gawa. Matan na amsawa da amin. Dokas ta rufe ido, amma zuciyarta na gindin mangwaro. Can ta buɗe ido ɗaya ta saci kallon taga.

Maman Rejoice ce a baranda. Ta shimfiɗa bargo kan benci, ta baza farar rigar. A hannunta ba dutsen gawayi ba ne, dutsen Mama na lantarki ne, wanda ta zaƙulo daga bayan kabad. Ta sunkuya kan wayar jonar, ta cire cajar wani ta yar, tana juya kan wayar dutsen tana neman baki.

Ihu ya taso wa Dokas har maƙogwaro ya tsaya. Hannun Fasto na kanta. Yana tsakiyar ambaton sunan uwarta. Tun tana yarinya ba ta taɓa ganin wanda ya katse addu'a ba, balle 'yar mamaciya, balle da ihu. Ta ce a ranta bari ya kai ƙarshen wannan jimlar. Ta ce wataƙila bakin ba zai shiga ba. Ɗan jinkirin nan bai fi na haɗiyar yawu ba.

"Mama, kada ki sa!"

Ta riga ta sa.

Inbata ya yi wani kuka mai tsini, motar ta yi kamar za ta shaƙe, sai aka ji fas, aka sake jin fas daga cikin akwatin kwamfutar. Dokas ta ture hannun Fasto, ta tsallake matan da ke durƙushe, ta fita da gudu ba takalmi. Allo ya yi baƙi. Hayaƙi fari na fita daga inbata, wani siriri mai warin ƙonanniyar roba da ƙonannun kyankyasai na fita ta bayan akwatin.

Jama'a kuwa sun taso a guje, har da masu kifar da kujeru. Dokas ta ɗauka taimako suka kawo. Kowa wayarsa ya nufa. Suka yi ta fizge caja suna danne-danne, suna juya waya gaba da baya. "Nawa lafiya." "Nawa ma ya kusa cika, an gode Allah." Ƙaton nan mai fyace hanci ya tambaya ko za a gyara a sake jonawa, don tasa ba ta kai rabi ba. Babu wanda ya kalli akwatin. Dokas ta juya ta dafa mangwaro.

Maman Rejoice ta taɓa ƙasan dutsen gugar da yatsa mai yawu. "Bai ma yi zafi ba. Wane irin wuta ne wannan?" Ta aika a hura gawayi.

Tobias ya iso yana faɗa, da inbata yake faɗan, wai kayan banza aka sayar masa. Sai ya haɗa ido da ƙanwarsa. Shi da kansa ya ɗauki akwatin, ya zare filashin, ya tare keke ya tafi wurin masu gyara. Wannan karon bai ce komai a kan buhun masara ba. Aka mayar da Dokas kan tabarma, wata tsohuwa na yi mata faɗa a kunne cewa ba a katse addu'a, amma Ubangiji zai gafarta mata tunda baƙin ciki ne.

Rana ta yi sanyi Tobias ya dawo. Ya tsuguna a gabanta, abin da bai taɓa yi ba, ya ajiye wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu a cikin baƙar leda.

"Shi ne ma'ajiyar kwamfutar. Wuri uku na je, Dokas. Sun jona, ba ya ko juyawa. Sun ce ya ƙone."

"Filashin fa?"

"Takardun coci sun shiga. Da hotuna kaɗan." Ya miƙa mata filashin. "Bai kai kan waƙar ba."

Ba ta zage shi ba. Ta tashi, ta fita rumfa, ta bi mutanen nan kujera-kujera, su da wayoyinsu da suka sha wutar motar yayanta. Tambaya ɗaya take yi: akwai wanda yake da muryar Mama a wayarsa? Ko gaisuwa, ko dariya, ko faɗa? Suka yi ta duba mata, wasu da gaske, wasu don kunya. Akwai wa'azi, akwai ƙwallo, akwai hotunan abincin da suka ci a gidan yau. Wata ta samo bidiyon wani biki, ga Mama can nesa ta ba da baya tana juya tukunya, kiɗa ya rufe komai. Mutanen da suka shekara suna cin tuwonta ke nan.

Labari ya kai kunnen Maman Rejoice, wadda ta dawo daga mutuware tana ba da labarin yadda rigar ta kwanta ba ko lanƙwasa ɗaya.

"Waƙa? A kan waƙa kike wannan? Wanda Jemima yake yi in yana tankaɗe? Ai mun sani! Ɗiya na, da kin faɗa tun ɗazu. Mata, ku taso!"

"A'a, Mama. Ku bari."

"Zauna. Mu za mu yi maki."

Aka zaunar da ita a tsakiyar falo. Aka kawo tulun kiɗa da caki. Maman Rejoice ta gyara tsayuwa ta ɗauko waƙar da ƙarfi, da sauri, irin ta shiga coci da baiko, wato sadakar masu ibada, matan suka amsa suna rausaya. Kalmomin su ne, amma ba haka Mama take yi ba. Mama a ƙasa take farawa, da 'yar dushewa, tana jan kalmar farko kamar ba ta so ta sake ta. Dokas ta runtse ido ta riƙe wannan farkon da dukkan ƙarfinta. Ta ji shi sarai. Suka zagayo suka sake daga farko, ta ji shi kaɗan. Ta ko'ina an ɗaga wayoyi ana ɗaukar Maman Rejoice, har da masu leƙowa ta taga. Da suka sake zagayowa, Dokas ta nemi muryar uwarta a cikin kanta, ta laluba ko'ina, muryar Maman Rejoice ta samu zaune a wurin.

Ta sa tafukan hannu ta toshe kunnuwanta. Matan suka ga waƙar ta ratsa ta, suka matso kusa suka ƙara murya.